Me ke birkita rubutu tsakanin kwamfutarka da shagon buga takardu?

Duk lokacin da aka shiga zangon miƙa kundin kammala karatu, daga Dang ta Ngaundere har zuwa Garwa da Marwa, ƙorafi ɗaya ne a bakin ɗalibai: yaya aka yi rubutun da mutum ya gyara tsaf a kwamfutarsa yake birkicewa da zarar an buɗe shi a shagon buga takardu? Kan babi ya gangaro gindin shafi, jerin abubuwan da ke ciki ya daina dacewa da lambobin shafuka, layuka sun buɗe, shafuka sun ƙaru. In akwai Hausa ko Fulatanci a ciki, sai ka tarar ɓ da ɗ da ƙ sun koma 'yan akwatuna, ko sun fito da wata kama daban da ta 'yan'uwansu. A Injamena, inda Larabci da Faransanci duka harsunan hukuma ne, ana ƙarawa da kukan wasulan da suka guntule.

Kowa da abin da yake zargi. Wasu su ce filashin ne ya kwaso cuta, wasu su ce firintar ce ta tsufa. Wasu kuwa, da yake kowane shafi da kuɗinsa, su ce mai shagon ne ya buɗa layukan da gangan don ya ƙara sefa. Ba za a rasa mai shago marar tsoron Allah ba, amma galibi ba shi da hannu, firintar ma haka. Akwatunan nan da buɗewar layukan tushensu guda, kuma yana cikin yadda aka gina fayil ɗin Word tun asali.

Abin da fayil yake ɗauke da shi

Mutane da yawa sun ɗauka fayil ɗin Word hoton takarda ne, yadda ka bar shi haka zai isa. Ba haka ba ne. Lambobi ne a cikinsa da umarni. Kowane harafi lamba ce a tsarin Unicode, wanda aka fara fitarwa a 1991 domin kowane harafi na kowane harshe ya samu lambarsa shi kaɗai. Umarnin kuwa cewa yake yi: a zana waɗannan lambobi da salon haruffa mai suna kaza, girma kaza, tazara kaza. Shi salon haruffan, wanda Word na Faransanci ya sa wa suna Police, fayil ne mai zaman kansa a cikin kwamfuta. In ba kai ka ce a haɗa da shi ba, ba ya bin takardarka zuwa filashi. Sunansa kawai ke tafiya.

Kamar ka aika wa tela awo da sunan yadi ne, yadin kuwa yana gida. In yana da irinsa, madalla. In babu, ba zai dawo maka da ɗan aike ba, wanda ke kusa zai jawo ya yanka, ko da faɗinsu bai zo ɗaya ba. Haka Word yake yi, kuma ba ya sanarwa. Abin da ya fi ruɗarwa shi ne sunan salon da ka zaɓa yana nan a akwatin sama bai gusa ba, alhali abin da ke kan shafin wani ne daban.

Shafukan ma ba a ajiye suke ba. Duk lokacin da aka buɗe fayil, Word yana sake lissafi daga harafin farko: nawa za su shiga layi, layi nawa zai shiga shafi. In faɗin haruffa ya bambanta ko da ƙanƙanin abu ne, kalma ɗaya za ta sauka layi na gaba, ita kuma ta tura na gabanta, a haka har ƙarshen kundi.

Abin ya ƙara yawa a 'yan shekarun nan saboda Microsoft ya sha sauya salon da sabuwar takarda ke farawa da shi. Har zuwa Word 2003, Times New Roman ne mai girma 12. A 2007 aka koma Calibri 11 da tazarar layi 1.15, a 2013 tazarar ta koma 1.08, a 2023 kuma aka kawo Aptos. Ɗalibi ya rubuta da Aptos a sabuwar kwamfuta, ya kai shagon da ke aiki da tsohon Office wanda bai taɓa jin sunan ba. Ko kuma, abin da ya fi yawa a wajenmu, rabin kundin a waya aka rubuta shi da WPS, wata manhajar rubutu mai kama da Word, rabi a kwamfutar aboki.

Haruffa masu ƙugiya

Masu rubutu da Hausa da Fulatanci suna da ƙarin wahala. Ba dole ba ne salon haruffa ya ƙunshi dukan haruffan duniya, wanda ya zana shi ne ke zaɓar abin da zai zana. Yawancinsu don harsunan Turai aka yi su, shi ya sa é da ç ba sa ɓata. Namu kuwa a warwatse suke a Unicode. Ƙaramin ɓ (0253) da ƙaramin ɗ (0257) suna cikin rukunin alamomin masana furuci. Manyansu, Ɓ (0181) da Ɗ (018A), suna wani rukuni tare da Ƙ da ƙ (0198 da 0199), da kuma Ƴ da ƴ (01B3 da 01B4) da Fulatanci da Hausar Nijar ke amfani da su. Wannan rarrabuwa ce ke sa ka ga salon da babban harafi ya fito lafiya ƙaramin ya ƙi, ko akasin haka. Times New Roman kansa, wanda malamai ke dagewa a kai, na zamanin Windows XP ba shi da waɗannan haruffa, daga Windows Vista ne aka saka su. Suna ɗaya ne, amma abin da ke ciki ba ɗaya ba.

In harafi ya ɓace daga salo, ko dai a ga akwati, ko Word ya aro shi daga wani salon. Akwatin ya fi sauƙi, don kowa zai gan shi ya gyara, kuma rubutun bai lalace ba: lambar tana nan, mai zana ta ne babu. Aron shi ne mai ɓoyayyen ciwo. Ɗauki takardar da aka buga ka duba kalma kamar "haɗuwa" da kyau. Za ka ga ɗ ɗin ya fi sauran kauri, ko ya ɗan fi su tsayi, ba shi da 'yan ƙafafun da sauran ke tsaye a kai. Sannan ka ja takardar nesa da ido kaɗan: layukan da ke da ɗ ko ƙ sun fi na kusa da su buɗewa, shafin ya yi gargada. Dalilin haka yana nan tafe.

Akwai matsala ta daban da ke cikin tsoffin fayiloli. Kafin Unicode ya yaɗu, maɗaba'u da masu aikin harsuna sun riƙa ƙera nasu salon: su ɗauki gurbin wani harafi da ba sa buƙata, su zana ƙ ko ɗ a wurin. A kwamfutarsu komai lafiya. A taka kuwa, asalin harafin da ke da gurbin ne zai fito, sai ka ga wata baƙuwar alama a tsakiyar kalma. Wannan kam sauya salo ba ya maganinsa, domin lambar ce ba daidai ba. Sai an bi ta Remplacer an musanya alamar da harafin gaskiya, a kuma kunna Respecter la casse don kada manya da ƙanana su cakuɗe.

Maganin da mutane suka fi yi shi ne su jefar da ƙugiyar baki ɗaya, ko su rubuta k' da d'. A ganina wannan ne asara mafi girma a duk lamarin. Katin ɗaurin aure ya fito da "manyan baki", a yi dariya a wuce, amma littafin koyar da yara ko kundin nazarin harshe ba abin dariya ba ne. Kuma ba rashin kayan aiki ba ne. Kamaru tana da tsarin haruffan bai-ɗaya na harsunanta tun 1979, aikin da Maurice Tadadjeu da Étienne Sadembouo suka jagoranta. Akwai salon kyauta da ke da haruffan duka, irin su Charis SIL da Doulos SIL da Andika da Gentium na ƙungiyar SIL, da Noto na Google. A manhajar Keyman akwai madannin Cameroon AZERTY, wanda ya dace da kwamfutocinmu masu jerin Faransa, a waya kuma Gboard yana da Hausa.

Tazarar layi: 1.5 na mene ne?

Wata ɗaliba tsaye a bayan mai shago, tana leƙen allo: "Yaya, ni fa 1.5 na sa, dubi yadda ya koma." Shi kuma ya ɗaga hannu biyu: "Ƙanwata, wallahi buɗewa kawai na yi." In aka shiga Paragraphe aka duba, 1,5 ligne ɗin yana nan inda ta bar shi. Dukansu gaskiya suka faɗa.

Ma'aunin rubutu shi ne wanda ake taƙaitawa pt, guda 72 ke yin inci ɗaya, wato kowane ɗaya kusan milimita 0.35. In an ce girma 12, ana nufin 12 pt. Sai mutum ya zaci tazarar Simple, wato ta layi ɗaya, ita ma 12 ce, 1.5 kuma 18. A Word ba haka lissafin yake ba. Kowane salo yana zuwa da tsayin layinsa da mai zanen ya ɗora masa, ya bar wuri a sama don dogayen haruffa, ya bar wuri a ƙasa don masu jela. Wannan tsayi shi ne Simple, kuma shi ake ninkawa. Times New Roman 12 tsayin layinsa kusan 13.8 pt ne, sau 1.5 ya ba da 20.7. Calibri mai girma 12 ɗin kuwa ya haura 14.6, sau 1.5 ya kusa 22.

Bambancin kamar ba komai, sai an kai shi kan takarda. A4 tsawonta milimita 297. Cire santimita 2.5 sama da ƙasa, saura 247, wato kimanin 700 pt. Da Times New Roman layi 33 za su shiga, da Calibri 31. Kundi mai shafi 100 ya samu ƙarin shafi shida ke nan daga tsayin layi kawai, tun ba a zo maganar faɗin haruffa ba, kuma babu wanda ya taɓa komai. Ga kuɗin da ake zargin mai shago da ci.

Daga nan ne kuma gargadar da na ambata ta samo asali. A Simple da 1,5 ligne da Double da Multiple, Word yana auna kowane layi ne da salon da ya fi tsayi a cikinsa. Harafi ɗaya na aro daga dogon salo ya isa ya ɗaga layin duka. Su Charis da Doulos ma dogaye ne, da gangan aka bar musu sarari don alamomin karin sauti da ake ɗorawa a kan wasula. Saboda haka wanda ya rubuta kundinsa da Times New Roman, ya sa misalan Hausa kaɗai da Charis, zai ga layukan misalan sun fi buɗewa.

Zaɓin da ke kashe wannan rigima shi ne Exactement. Ka ba shi lamba, misali 20 pt, kowane layi ya tsaya a haka ko wane salo aka aro. Amma shi ma da nasa sharrin: ba ya sassauci. Duk abin da ya fi layin tsayi sai ya yanke masa kai. Wanda ya taɓa saka hoto ko taswira a kundi ya ga ɗan siririn yanki kawai ya fito, wannan ne dalili, hoton yana zaune a sakin layi mai Exactement. A mayar da wannan sakin layin kaɗai zuwa Simple, hoton ya dawo. Au moins kuwa tsaka-tsaki ne: ba ya barin layi ya gaza lambar da ka ba shi, amma yana barinsa ya ƙaru in da buƙata.

Ɗaliban lissafi da kimiyya masu aiki da LaTeX, wani tsarin shirya rubutu daban da Word, su lura, 1.5 ɗinsu ba irin na Word ba ne. Umarnin \onehalfspacing na setspace a girma 12 yana ba da kusan 18 pt, ba 20.7 ba, shi ya sa malami kan ce kundin ya matse alhali an bi doka. Haruffa masu ƙugiya kuma pdfLaTeX kan tsaya ya yi ƙorafi a kansu. XeLaTeX ko LuaLaTeX da fontspec sun fi sauƙi, sai dai in salon ba shi da harafin, gargaɗin "Missing character" a fayil ɗin log yake maƙalewa, inda ba kowa ke leƙawa ba.

Wani abu kuma da ke zuwa da wasu fayilolin WPS, manhajar kamfanin Kingsoft na ƙasar Sin, shi ne ɓoyayyen zanen layuka da aka tanada don rubutun Sinanci. In harafi ya ɗan fi gurbin layi ɗaya, sai ya cinye biyu. Alamarsa ita ce ka ƙara girman rubutu kaɗan, tazara ta yi tsalle ta ninka. A zaɓuɓɓukan sakin layi ake cire alamar da ke ɗaure rubutu da zanen.

Larabci da Ajami

Kusan kowane kundi a yankinmu yana buɗewa da Bisimilla ko aya a shafin sadaukarwa, a Chadi kuma takardu masu harshe biyu abin yau da kullum ne. Rubutun Larabci mai wasali yana buƙatar wuri sama da ƙasa fiye da boko, don haka kalmar Larabci ɗaya a tsakiyar sakin layi na Faransanci takan buɗa layinta. In an matse da Exactement kuma, fataha da shadda su guntule. Abin da ya fi shi ne aya ta zauna a sakin layinta, da tazararta. A kuma sani, in an kunna Larabci a Office, tagar Police tana da gurbi na daban don salon Larabci da girmansa, sauya na boko ba ya taɓa shi.

Masu Ajami sun daɗe suna fama, domin rubutunmu na Warshu yana da fa mai ɗigo a ƙasa da ƙaf mai ɗigo ɗaya a sama, ga ɗigon imala, abubuwan da salon Gabas ta Tsakiya ba duka ke kula da su ba. A 2016 Unicode ya ƙara fa da ƙaf da nun na Afirka. SIL ta fitar da Harmattan don harsunan Afirka ta Yamma, da Alkalami wanda ya bi hannun rubutun Kano. Duk kyauta ne, amma su ma sai an girka su a kwamfutar shago kafin su yi aiki a can.

Inda laifin na mai rubutu ne

A nan masu shago ke da hujja. A danna alamar ¶ da ke saman Word, duk abin da ke ɓoye ya bayyana, kuma abin da ake gani a yawancin kundaye ba daɗi. An danna Entrée sau goma sha don a tura babi zuwa sabon shafi. An jera sarari da madannin tazara don a kai kan magana tsakiya. An danna Entrée sau biyu tsakanin sakin layi, alhali Word ya riga ya sa 8 pt ko 10 pt a gurbin Après. Irin wannan gini yana tsayawa ne muddin babu abin da ya motsa. Layi ɗaya ya ƙaru a shafi na uku, duk babukan da ke gaba su zame. Ctrl da Entrée tare suna sa tsallaken shafi na gaskiya, wanda ba ya zamewa.

Kwafe daga intanet ko daga PDF shi ma yana jawo salo da tazarar inda aka kwafo, har da karyewar layi a ƙarshen kowane jere. Wajen liƙawa a zaɓi rubutu zalla. Farin fili da kan rage a gindin shafi kuwa, sau da yawa ba matsala ba ce, Word ne ke ƙin raba kan magana da sakin layin da ke binsa. Sai girman takarda: kwamfutar da aka saita da Ingilishin Amurka takan fara da Letter, wadda ta gaza A4 da kusan milimita 18 a tsawo, kimanin layi biyu ke nan a kowane shafi.

Su ma malamai da ɗan nasu. Dokar "Times New Roman 12, tazara 1.5" ba ta ce komai ba game da misalan Fulatanci ko nassin Larabci, sai ɗalibi ya yi ta kame-kame. Da sassan harsuna za su ƙara jimla ɗaya da ke faɗin salon da aka yarda da shi ga harsunan gida, da an huta da rabin rigimar. Masu shago kuma girka salon kyauta guda huɗu ko biyar ba zai ci musu ko sefa ɗaya ba.

Kafin a tafi shago

Gyara na ainihi a Styles ake yinsa, wato inda Word ke ajiye tsarin da sakin layuka ke bi. A danna dama a kan Normal, a zaɓi Modifier, a saita salo da girma da tazara sau ɗaya, maimakon bin sakin layi ɗaya bayan ɗaya. Sannan a gwada salon tun kafin a yi nisa: a rubuta Ɓ ɓ Ɗ ɗ Ƙ ƙ Ƴ ƴ ŋ a jere, a sa su da kauri, a sa su a karkace, domin wani salon yana da su a miƙe amma babu a karkace. Mai aiki da LibreOffice, manhajar kyauta mai yin irin aikin Office, ya riƙe cewa Liberation Serif awonsa ɗaya da Times New Roman, Liberation Sans da Arial, Carlito da Calibri, Caladea da Cambria, don haka musanya tsakaninsu ba ta cika ture shafuka ba.

In dole ne a kai fayil ɗin Word saboda za a ƙara gyara a can, a shiga Fichier, Options, Enregistrement, a kunna Incorporer les polices dans le fichier. Fayil zai yi nauyi, kuma ba kowane salo ne lasisinsa ya yarda a haɗa shi ba. In kuwa an gama gyara, PDF za a kai. Shi ne tsarin da kamfanin Adobe ya fitar a 1993 musamman don shafi ya tsaya yadda yake, yana tafiya da zanen haruffansa a ciki. Sharaɗin shi ne a yi shi a kwamfutar da rubutun ya fito daidai, domin PDF ɗin da aka yi a shago bayan an buɗe Word a can, ɓarnar zai daskarar. A sabunta jerin abubuwan da ke ciki tukuna, a fitar da PDF, a buɗe shi a waya a duba shafukan da ke da ƙugiya da Larabci. Wajen bugawa kuma a ce wa mai shago ya zaɓi Taille réelle maimakon Ajuster, in ba haka ba firinta na iya ɗan ƙanƙance shafin, girma 12 ya fito ƙasa da 12, gefen da aka bari don ɗinkin kundi shi ma ya sauya.